Amsa ta Uku a Jarrabawar Mudirai

Talata, bayan Azahar

Jiki babu daɗi yau. Ƙafar hagu, daga ƙugu zuwa gwiwa, kamar an cusa mata garwashi. Na sha shayi, shinkafar na mayar yadda aka kawo ta.

Abin da ya faru a banɗaki da safe ba zan rubuta shi ba. Basiru kaɗai ya gani, shi ya ɗago ni daga ƙasa, hannuna da sauran ruwan alwala. Basiru mutumin Tasawa ne, ya ba hamsin baya, shi ke yi mana wanka da canjin kaya a ɓangaren maza na wannan gidan tsofaffi na unguwar Jaradiya, a nan ƙasar Larabawa. Da ya zaunar da ni bakin gado sai ya ce, "Baba Dawuda, bari in kira nas."

Na riƙe masa riga. Na ce, "Don girman Allah, Basiru."

"Baba, na biyu fa ke nan."

"Na iya lissafi. Na koyar da shi a Gumel kafin a yanke maka cibi."

Bai yi dariya ba. Ya san abin da na sani. Gidan nan na masu tafiya da ƙafarsu ne. Wanda ya kai ƙasa sau ɗaya, a rubuta, a sa masa ido. Na biyu kuwa sai a ɗauke shi zuwa wajen marasa tashi. Ni babu wani waje da za a kai ni. 'Ya'yan marigayi kafilina, Balaraben da ya tsaya mini a ƙasar nan, waɗanda ke riƙe da iƙamata, wato takardar izinin zamana, sun faɗa tun bara, cikin ladabi, cewa ranar da gidan nan ya kasa riƙe ni, jirgi za su sa ni. In sauka wurin wa? Matata Turai ta rasu. 'Yan'uwana sun ƙare. Yaran da na baro a goye, yanzu sun aurar da 'ya'ya, babu wanda zai gane fuskata.

Basiru ya kalli ƙofa. Sannan ya ce, "Allah Ya rufa mana asiri," ya ja mini bargo.

Laraba, hantsi

Na ce wa nas mura ce. Ta tambayi jiki, na ce da sauƙi.

Laraba, bayan La'asar

Rabi'atu ta shigo da takardu rungume a ƙirji, fuskarta wasai. Ita ce mudira, shugabar gidan nan. Kakanta Bakano ne da ya zo hajji a ƙasa bai koma ba, ita a nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Ita ta ba ni gadon bakin taga lokacin da na zo, don ta ce malamin makaranta ba ya zama a duhu.

"Baba Malam, ka yi mini mabruk!"

Na ce, "Aure ko haihuwa?"

"Wanda ya fi su wahala. Kwamiti."

An zaɓe ta cikin waɗanda za su sabunta jarrabawar da ake yi wa mutum kafin a ba shi lasisin shugabantar gida irin wannan. Ta ce tsohuwar jarrabawar ta tsufa fiye da mu. Tambayoyinta duk a kan kicin ne, da kashe gobara, da hutun ma'aikata, da ɗakin ajiye magani. Tsohon da aka gina gidan dominsa ba a cika tambaya a kansa ba. Yanzu za a sake raba fannonin, a ƙara sababbi biyu. Ɗaya tsaron lafiyar mazauni, ɗaya kuma 'yancinsa na zaɓar wa kansa abin da yake so. Ita tana bayan na farkon. Ta tuna na taɓa gaya mata na yi shekaru ina fitar da tambayoyin jarrabawa a kwalejin horon malamai, kafin in zo nan in zama magatakardan 'yan gwari a kasuwar Aziziya. Tana so in taya ta.

Ta ce, "Ku tsofaffinmu ai ku ne matsalar. Ƙashi ya karye, a tambaye ku, ku ce da sauƙi. Wallahi ina so duk mudirin da zai ci jarrabawar nan ya san da sauƙi ba amsa ba ce."

Na yi dariya. Na yi ta da kyau, ina jin. Bayan ta fita na tarar rigata ta jiƙe da gumi har baya.

Alhamis, da safe

Basiru yana zuwa kafin nas ta fara zagaye. Ya ɗauke ni cak ya ɗora a kujerar bakin taga, ya rufe mini ƙafa da bargo, ya ajiye sandata inda ido zai gan ta kamar yanzu na jingine. Haka zan wuni. Salla a zaune, ƙofa a rufe.

Duk takun da na ji a baranda sai in ƙara gyara bargon.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Basiru ya kawo Buraima a matsayin mai ziyara. Dako yake yi a Aziziya, a unguwar Manfuha yake kwana, amma ɗori ya gada wajen mahaifinsa a ƙasar Maradi. Mutanenmu da ba sa son zuwa asibiti saboda takardu duk shi suke nema. Ya shigo da ledar lemo don kada a yi zargi.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa hannu ƙarƙashin bargo. Na ciji hannun rigata.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba targaɗe ba ne. Ƙashin ya tsage."

Basiru ya ce, "To ka ɗaure mana."

"In ɗaure kwatangwalo a ɓoye? Da me, da rawani? A gida da sai in kwantar da shi, in ɗaure, ya yi wata bai motsa ba. A nan nas za ta ɗaga bargo ta ga kara ta ce mene ne wannan, shingen awaki?"

Ya yi tofi, ya shafa mai, ya ce a riƙa gasawa da ruwan zafi. Ya ce, "Abu ɗaya, Alhaji. Kada ka taka ta. Ko gobara ta tashi, ka jira a ɗauke ka."

Lemon yana nan a kan teburi. Na kasa sha.

Asabar

Da sauƙi. Haka na gaya wa mutum uku yau.

Lahadi, bayan La'asar

Rabi'atu ta kawo tambayar farko. Ta karanta da Larabci, sannan ta juya mini da Hausa ko da yake ta san ina ji.

Wani tsoho ne a gidan tsofaffi. Ya kai ƙasa karo na biyu, ya ɓoye. Ma'aikacin da ke kula da shi ya sani, ya yi shiru. Mudir ya gano. Me zai yi?

Ban san yadda fuskata ta yi ba. Na kalli taga. Na ce, "A ina kika samo wannan?"

"A wani gida ya faru, bara. Wata 'yar kwamiti ta ba mu labari. Me ya sa?"

"Ba komai. Karanto amsoshin."

Ta farko, mudir ya ja wa ma'aikacin kunne a bar maganar. Ta biyu, ya sanar da hukuma a ranar, ya tura tsohon asibiti a ɗauki hoton ƙashi, ya dakatar da ma'aikacin, a sake duba ko tsohon ya cancanci zama a gidan. Ta uku, ya zauna da tsohon ya tambaye shi abin da yake so, a kawo masa likita har ɗakinsa, a kafa masa ƙarfen dafawa a banɗaki, a bar shi a gadonsa. Ta huɗu, ya kira dangi su yanke.

Ta ce, "Ta biyu ce daidai. Sauran tarko ne."

Na ce, "Tarkonki na amsa ta uku ya yi kyau da yawa. Mai fitar da tambaya ba ya sa amsar ƙarya da ta fi ta gaskiya hankali. Ɗalibi mai tausayi zai faɗi, marar tausayi ya ci. Irin mudiran da kike so ke nan?"

Ta ciji biro. Ta ce, "Idan ƙashin ya karye fa, ya mutu a gadon da ya zaɓa?"

"Gadonsa ne."

"Baba Malam, ka cika gardama."

"Sana'ata ce."

Na gyara mata waƙafi biyu, hannuna yana rawa, na ce sanyin na'ura ne. Ta tashi ta rage.

Ta sani ne? Idan ta sani, me ya sa ta rage mini sanyi ta fita tana murmushi? Idan ba ta sani ba, me ya sa wannan tambayar, cikin duk tambayoyin duniya?

Litinin, hantsi

Na gaya wa Basiru tambayar. Bai kamata ba. Yana gasa mini ƙugu, sai ya tsaya da tsumman a hannu.

"A dakatar da ma'aikacin. Haka ta ce?"

"Jarrabawa ce kawai."

"Baba, ni ne ma'aikacin! 'Ya'yana suna Tasawa suna jiran abin da zan aika. Kai ka riƙe mini riga ka ce don girman Allah. Wa zai ƙi, tsoho ɗan ƙasarku ya haɗa ka da Allah?"

Na ce, "Ni ɗan Najeriya ne, kai ɗan Nijar."

"A nan duk ɗaya muke, ka sani. Kada ka yi mini wasan malamai."

Ya ƙarasa gashin. Da zai fita ya gyara mini sandar kamar kullum.

Talata, bayan Azahar

Wurin ya yi baƙi, ya kumbura. Ba na kallo.

Wani jirgi ya wuce ƙasa ƙasa. Na toshe kunne kamar yaro.

Laraba, da yamma

Rabi'atu ta dawo daga taron kwamiti a gajiye, ta zauna bakin gadona ta cire takalmi. Ta ce kwamitin ya rabu biyu. Wasu suna so fannin tsaro ya ɗauki kaso mafi girma na tambayoyin, wasu suna so 'yancin zaɓi ya yi daidai da shi.

Na ce, "Ki koma bayan 'yancin zaɓi."

"Me ya dame ka da shi haka? Jarrabawa ce fa, ba doka ba. Ko an canja ta, ƙa'idar gidan nan tana nan yadda take."

Na ce mata abin da na sani tun ina saurayi. Abin da ake tambaya a jarrabawa shi malami ke koyarwa, shi ɗalibi ke riƙewa, shi yake yi idan ya kama aiki. Abin da ba a tambaya kuwa, ko yana cikin littafi, ya mutu. Shekarar da muka daina tambayar aikin gona a kwalejinmu, kafin a yi damina biyu lambun makaranta ya zama filin ƙwallo. Idan kun ce amsa ta biyu ce kaɗai daidai, duk mudirin da zai zo bayanki zai kira motar asibiti kafin ya kalli fuskar tsohon.

Ta ɗauki biro ta rubuta. Ta ce, "Maimaita na lambun."

Na maimaita. Na ji wani abu kamar sa rai ya motsa a ƙirjina. Na san wauta ce. Ko sun canja, sai shekara ta zagayo kafin wani ya zauna jarrabawar. Ƙashina ba zai jira shekara ba. Amma idan ita da bakinta ta tsaya a gaban mutane ta kare amsa ta uku, ranar da ta ɗaga bargon nan wataƙila za ta tuna.

Ta tambayi murar. Na ce da sauƙi. Ta ce, "Ka ga? Kai ma!" Muka yi dariya tare.

Alhamis

Zazzaɓi. Na ɓoye abincin rana a cikin leda, Basiru ya fitar.

Juma'a, bayan La'asar

Buraima bai samu zuwa ba, ya aiko da saƙo ta bakin Basiru. Wai in zazzaɓi ya shiga, maganar ta fi ƙarfinsa, a kai ni asibiti. Basiru ya faɗa yana kallon ƙasa.

Na ce, "Ka ba ni mako ɗaya."

"Mako ɗaya ya yi me, Baba?"

Na kamo masa riga. Na ce, "Don girman..."

Ya ɗaga hannu. "Kada ka ƙarasa. Na ji."

Lahadi, hantsi

Na jawo wa kaina.

Rabi'atu ta shigo da sauri tun ba ta ajiye jaka ba. Ta kai maganata gaban kwamiti, har da lambun. Shugabansu, wani dattijon likita, ya ce a shekarunsa bai taɓa jin wanda ya bayyana abin haka ba, ya tambayi wane ne. Ta ce wani mazaunin gidanta ne, tsohon mai fitar da jarrabawa. Dama suna da niyyar ziyartar gida ɗaya kafin su yanke rabon fannonin. Sun zaɓi namu. Laraba za su zo, kuma shugaban yana so ya gaisa da ni.

"Baba Malam, ka zama babban mutum! Ka sa farar rigar nan taka mai aiki."

Na ce, "Ki ce musu ba ni da lafiya."

"Mura? A zaune za ka gan su, ba tsere za ku yi ba. Yalla, kada ka ba ni kunya."

Kada in ba ta kunya.

Litinin

Basiru ya ce, "Kana zaune, bargo a ƙafa, ka yi musu Larabcinka na littafi, su tafi. Shi ke nan. Kada ka motsa." Na ce to. Ya sa na maimaita kamar ɗan aji ɗaya.

Talata, bayan Magariba

An goge rigar. Tana rataye a ƙofa, duk sanda na ɗaga ido sai in ga kamar mutum ne a tsaye yana jira.

Ya Allah, gobe kawai.

Juma'a, ban san lokaci ba, akwai rana

Asibiti. Sun ba ni biro da na roƙa. Hannun dama ne babu allura.

Zan rubuta yadda ya faru don kaina ya daina maimaitawa.

Basiru ya shirya ni tun da wuri. Rigar, hula, turare don ya danne warin man shafawa. Na ji 'yan kwamitin a baranda, Rabi'atu tana nuna musu ƙarafunan dafawa da ƙararrawar kira. Na riƙe hannun kujera. Na ce wa kaina, Dawuda, zauna.

Aka buɗe ƙofa. Dattijo ne mai furfura, da tabarau, da takarda a hammata, mutane a bayansa. Ya yi sallama, ya miƙo hannu tun daga nesa, ya ce, "Ustaz."

Ban yanke shawarar komai ba. Wallahi ban yanke ba. Mu a zamaninmu idan sufeto ya shigo aji, malami da ɗalibai tsaye suke miƙewa kafin ƙofa ta gama buɗuwa. An koya mana da bulala, mun koyar da bulala. Ban taɓa karɓar hannun babban baƙo a zaune ba, ko a kasuwa. Jikina ya tashi da kansa. Na ji Basiru daga bayansu ya ce, "Baba!"

Na ma kama hannun. Na tuna wannan. Da shi na tafi ƙasa, saura kaɗan in ja dattijon.

Likita ne, bai tambayi kowa ba ya ɗaga rigar. Ya ga baƙin, ya ga kumburin, ya shinshina man. Ya ce wannan ba na yau ba ne, ya fi mako biyu. Ya faɗa a hankali, amma kowa ya ji.

Na nemi fuskar Rabi'atu. Ba ta kalle ni ba. Basiru take kallo. Sannan ta ciro waya. Da Larabci ta yi magana, da ni ma da Larabci, abin da ba ta taɓa yi ba tun zuwana: kada ka motsa, mota tana zuwa. Ta sanar da hukuma a ranar. An ɗauki hoton ƙashi. An dakatar da Basiru. Bi da bi, yadda aka rubuta, da waƙafin da na gyara.

Asabar

An yi aikin, an sa ƙarfe. Nas ɗin nan ba ta jin Hausa, Larabcinta ma kaɗan ne. Ta nuna mini hoton fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, wai in nuna nawa. Na nuna mai kuka. Babu wanda zan ɓoye wa kuma.

Ban san inda Basiru yake ba. Na ce a kira mini shi, ba su gane ba.

Lahadi, bayan La'asar

Rabi'atu ta zo. Ta tsaya a ƙarshen gado, ba ta zauna ba. Ba ta kawo takardu ba.

Ta ce, "Ina jiki?" Kafin in buɗe baki ta ce, "In ka ce da sauƙi zan fita."

Na ce, "Yana ciwo."

Sai ta zauna.

"Baba Malam, ka zauna kana gyara mini waƙafi, ƙashinka a tsage. Na rage maka sanyi. Na tafi gaban mutane ina maimaita maganarka, ina alfahari. A gidana. Ƙarƙashin bargon da ni na saya."

Na ce, "Waƙafin ba daidai yake ba."

Ta yi wata dariya da ba dariya ba, ta goge ido da gefen mayafi.

Na ce, "Basiru fa? Ni na haɗa shi da Allah. Ki rubuta haka."

"Na rubuta. Ba a hannuna yake ba yanzu." Ta ƙara da cewa, "Ni ma ana tambayata yadda aka yi ban gani ba."

Na tambayi kwamitin. Ta ce sun yanke a ranar, a cikin mota ma kafin su isa ofis. Fannin tsaro ya ɗauki kaso mafi girma. Tambayar tana nan, amsa ta biyu ce daidai, kuma sun ƙara wani sashe a kan mazaunin da ba ya faɗin ciwo da ma'aikacin da ke rufa masa asiri don 'yan ƙasa ɗaya ne. Ta ce shugaban ya ce maganata ta lambu gaskiya ce, shi ya sa dole a tambayi wannan.

To. Na shiga jarrabawa a ƙarshe.

Na ce, "Gadona?"

Ta kalli taga. Wannan tagar bango take kallo.

Ta ce likita ya ce mai yiwuwa in sake takawa da ƙarfen dogarawa, in an yi haƙuri. Za ta roƙi masu gidan su riƙe mini gadon har lokacin, ta roƙi 'ya'yan kafilina su dakata. Alhamis za su zauna. Ta ce, "Ban yi maka alkawari ba. Amma idan sun yarda, ni da ƙafata zan zo in gaya maka, ba waya ba."

"In ba su yarda ba fa?"

Ta gyara mini bargo. Ta ce, "Ka ci abinci, Baba Malam."

Litinin

Sun tsayar da ni tsakanin ƙarfe biyu. Ɗakin ya juya. Na ce a ƙara, suka ce gobe.

Talata, hantsi

Na taka. Kaɗan, amma na taka. Na roƙi mai koya mini tafiyar ya rubuta, ya sa hannu, ya aika wa mudira kafin Alhamis. Ya ce in sha Allah. Yadda ya faɗa ban natsu ba.

Laraba

Babban ɗan kafilina ya aiko direbansa da dabino da gaisuwa. Direban ya tambayi nas ko mai irin wannan aikin yana iya zama a kujera na tsawon sa'o'i. Ya ɗauka ba na ji.

Ban taɓa dabinon ba.

Alhamis, da safe

Na sa an yi mini aski. Na roƙa a juya gadon ya kalli ƙofa.

Alhamis, bayan Azahar

Takun mata a baranda, ba na Rabi'atu ba. Zama irin wannan yakan ja. Masu gida ba sa zuwa da wuri.

Alhamis, bayan La'asar

Wataƙila cunkoson hanya ne. Daga Jaradiya zuwa nan da yammar Alhamis ba wasa ba ne.

Wani ma'aikaci ya shigo da kwali ya ajiye gefen gado, ya ce daga gidan tsofaffi aka aiko. Ban buɗe ba. Ba a rufe shi sosai ba, ina hango kan sandata da bakin butata. Mai yiwuwa ta ga zan buƙace su a nan ne. Mutum yana buƙatar butarsa ko'ina yake.

Alhamis, bayan Magariba

An tafa hannu a baranda, masu ziyara suna ta fita. Na ce wa nas ta bar ƙofar a buɗe, akwai mai zuwa. Ta bari na ɗan lokaci, sannan ta rufe.

Rabi'atu ba ta zo ba.